Enid Tolley da Murhun Dizal

Akwai wani aibi da na daɗe ina lura da shi a cikin mutane, kuma ya fi yawa a cikin masu kirkinsu. Idan wani abu ya daɗe a hannunsu bai cuce su ba, sai su ɗauka rashin cutarwa halinsa ne. Ba sa tsayawa su tambayi kansu wane ne yake ta ɗawainiya da shi shekara da shekaru har ya zauna lafiya. Ranar da mai ɗawainiyar ya kau, abin yana nan a ido yadda yake, amincinsa kuwa ya bi mutumin. Na ga wannan a wurare da dama, amma ban taɓa ganinsa ƙarara ba kamar a jirgin ruwan maƙwabciyata Enid Tolley, a hunturun da kanal ɗinmu, wato hanyar ruwan da aka haƙa domin jirage, ya daskare mako uku cur a kusa da Ellesmere.

A cikin jirgi aka haifi Enid. Mahaifinta dakon gawayin kwal yake yi a kanal, kuma tun tana shekara tara take riƙe sitiyari. Ta auri Horace Tolley, kafintan da ke gyaran ƙofofin ruwa masu ɗaga jirage da sauke su a kanal, suka sayi siririn jirginsu, suka zauna a ciki shekara arba'in da ɗaya. Sun haifi 'ya ɗaya, Lorraine, wadda ta girma ta zaɓi tudu, ta yi aure a Telford. Aikin jirgin a rabe yake tsakanin miji da mata ba tare da sun taɓa zama sun raba ba. Inji da igiyoyi da tuƙi na Enid ne, kuma ban ga wanda ya fi ta iya shigar da jirgi ƙofar ruwa ba tare da ya goga bango ba. Katako da fenti da murhu na Horace ne.

Murhun ƙarfe ne kore, tsayinsa bai wuce gwiwa da kaɗan ba, yana tsaye kusa da ƙofar gaba. Man dizal yana ɗiga a hankali cikin wata 'yar tukunya a cikinsa, ya ci da wuta shuɗiya, hayaƙin ya fita ta bututu a rufi. Horace ne ya kafa shi da hannunsa shekara talatin da biyu kafin labarin nan. Kowace Lahadi da safe sai ya kashe shi, ya jira ya huce, ya durƙusa ya kankare tukunyar. Kowane farkon wata sai ya hau rufi da dogon buroshi ya share bututun. Ban taɓa jin ya ambaci wannan aiki a hira ba. Enid kuwa abin da takan faɗa wa baƙi shi ne, murhun nan bai taɓa ba su matsala ko sau ɗaya ba. Maganar gaskiya ce, sai dai rabinta kawai ta faɗa, domin rabin kawai ta sani.

Horace ya rasu da bazara. Hunturun farko ya zo da sauƙi, ya wuce lafiya. A na biyu, tun cikin Disamba, Enid ta fara canzawa. Tana da shekara saba'in da huɗu a lokacin. Ta tambaye ni abu ɗaya sau uku a wuni guda. Ta bar igiyar baya a kwance, ita da ta sha zagina a kan ƙulli. Kullum tana dafe goshi, kullum barcin rana. Ranar da Lorraine ta zo ta tarar da butar shayi ta ƙone ƙurmus a kan wuta, uwarta tana zaune tana kallonta, ranar ta yanke hukunci a zuciyarta. Ta nemi likitan da ke gwada ƙwaƙwalwar tsofaffi, ta kuma samo ɗaki a wani gidan kula da su a Telford. Masu gidan suka ce za su riƙe mata ɗakin zuwa Juma'a.

Ba na zargin Lorraine da rashin ƙauna. Ina zarginta da gaggawa, domin ta ga tsohuwa tana mantuwa, ta kama amsar da ta fi kusa da hannu. Ni ma da farko haka na yi. Abin da ya sa na ja da baya abubuwa uku ne. Idan muka taka zuwa kanti a bakin ruwa, kafin mu kai gada ta biyu Enid ta dawo Enid, tana lissafa mini jiragen da mahaifinta ya tuƙa da sunayensu. Idan ta zo shan shayi a jirgina, takan cinye ni a karta ba tausayi. Idan kuma ni na zauna a nata sa'a guda, sai in fito kaina yana sarawa. Ciwon tsufa ba ya barin mutum a bakin ƙofa ya jira shi ya dawo. Saboda haka na zargi iskar cikin jirgin, wato gubar nan da wuta ke fitarwa idan ba ta ci da kyau ba, wadda ba ta da wari, ba ta da launi.

Ranar Litinin na faɗa wa Enid, muna tsaye a gaɓa.

"Farfesa," in ji ta, domin haka take kirana tun da ta ji na taɓa koyarwa, "shekararka nawa a ruwa? Goma sha biyu? Murhun nan ya girme ka a nan da shekara ashirin."

"Ya girme ni. Ki bari in kawo na'urata mai auna guba a iska gobe in ajiye minti ashirin. Idan ba ta ce komai ba, na yi shiru har abada."

"Kai da shiru? Wannan kaɗai ya isa in yarda." Ta yi 'yar dariya, ta daina. "In ta yi kuka fa?"

"In ta yi kuka, kanki lafiya lau, ba kya buƙatar ɗakin Telford."

"Su kuma ɗauke murhun."

A fuskarta na ga abin da ya tsorata ni fiye da gubar: tana auna biyun, kuma ba ta tabbata wanne ya fi mata sauƙi ba, a ce ta ruɗe ko a ce murhun Horace ne ke kashe ta.

Talata da hantsi Lorraine ta iso da takardun gidan a cikin jaka. Muka shiga mu uku, muka rufe ƙofa kamar yadda Enid take rufewa. Na ajiye na'urar a kan tebur. Tana da ɗan gilashi mai nuna lamba, kuma a iska mai kyau sifili take nunawa. Enid ta zauna kusa da murhu ta harɗe hannu. Na leƙa wutar, na ga ta ja da rawaya, tana lasar gilashin da ya yi baƙi.

Lorraine ta duba bango ta ce, "Mama, ina taku na'urar? Ai doka ce a ajiye."

"Tana cikin durowa."

"Me take yi a durowa?"

"Ta cika surutu. Tun Nuwamba take ihu ba dalili, na cire mata batir."

Lambar ta bar sifili. Ta hau a hankali, ta tsaya, ta sake hawa. Ina jin ɗigar man cikin tukunya, ina jin ƙanƙara tana gurnani a jikin jirgin. Minti na goma sha huɗu na'urar ta tsala ihu.

Na kashe man, Lorraine ta bankaɗe ƙofofin gaba da baya, muka fito da Enid gaɓa. Da iskar ta washe na koma ciki, na ɗaga hannu zuwa kafofin iska na rufi, waɗanda ake hudawa domin jirgi ya yi numfashi. Huɗu ne. Daga kowace na zaro safa a dunƙule. Ramukan ƙasan ƙofa kuma an liƙe su da kwali.

Dole in faɗi gaskiya a nan, ko da ta shafe ni. Wannan al'adarmu ce, mu mazauna ruwa. Sanyi yana saukowa ta kafofin nan ya daki ƙeya, sai mu cusa tsumma. Duk shekara huɗu idan mai duba lafiyar jirage zai zo sai mu zare, yana haye gada mu mayar. Muna yi muna dariya, kamar mun yi wa wani wayo. Ni ma na yi hunturu biyu ina yi. Horace ne kaɗai na sani da bai taɓa yarda ba, kuma shekara arba'in Enid tana yi masa mitar iska a wuya.

"To, an gano," in ji ta da ta ga safar a hannuna. "Laifin safa ne. A zubar, a kunna mini wutata."

"Ba za a kunna ba," in ji Lorraine. "Mama, wata biyu ina kuka a mota ina cewa na rasa ki. Ashe ke ce kike shaƙe kanki da safar Baba."

"Ki iya bakinki, 'yar nan."

"Na iya shi shekara biyu. Ga abin da ya jawo."

Enid ta kwana a jirgina, ni na koma kujera. Ranar Laraba muka kira Gethin, mai jirgin da ke zagayawa yana sayar mana da mai da kwal, wanda kuma ya ƙware a gyaran murhu. Ƙanƙara ta tsare shi a bayan gada, yana jiran narkewar da aka ce za ta zo ƙarshen mako ya wuce kudu, ba zai dawo ba sai Maris. Ya buɗe murhun, ya tura hannu, ya fito da wani dunƙulen baƙi mai tauri kamar dutse. Ya haska bututun da tocila daga ƙasa, ya ce ramin da ya rage bai fi yatsa biyu ba.

"Faɗa musu, Gethin," in ji Enid. "Ya lalace?"

"Bai lalace ba, Anti. Ƙarfen nan sai ya binne ni."

"Kun ji."

"Ban gama ba. Irin wannan murhun kamar doki yake, kullum sai an yi masa hidima. Tukunya duk mako, a durƙushe. Bututu duk wata, daga sama, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Yaushe rabon da a hau rufin nan?"

Sai a lokacin, ina tsammani, Enid ta fara lissafin Lahadin da ta yi ta kwana tana jin ƙarar kankara ba ta taɓa tambayar ta mece ce ba.

Gethin ya ce yana da wata na'urar ɗumama ta zamani a jirginsa, wadda ake sawa a ɗakin inji, ta ja iskarta daga waje, ta fitar da hayaƙinta waje, a kunna ta da maɓalli. Aikin wuni ɗaya ne, in za a yi sai kafin ruwa ya buɗe. Lorraine ta ɗora takardun a kan tebur ta ce magana ɗaya ce: ko murhun ya fita daga jirgin, ko uwarta ta fita, kuma Juma'a da rana za ta buga waya Telford ta faɗi wanne. Enid ta dube ni.

"Kai mai hujjoji, me ka ce?"

Na ce murhun ba shi da laifi, kuma duk wanda ya ce yana da shi ya yi masa ƙazafi. Na ce amma tambayar da ke gabanmu ita ce ko akwai mai yi masa abin da Horace yake yi. Ni gwiwoyina ba sa hawa rufi, Gethin sau uku yake wucewa a hunturu, Lorraine tana da tafiyar sa'a guda da aiki a gabanta.

"Ni fa? Na mutu ne?" in ji ta. "Na hau rufin jirgi kafin a haifi uwar Gethin. Gobe da safe zan share shi, kuna kallo. In na share, murhuna ya zauna."

Lorraine ta amince, kuma na san dalilinta: ta tabbata uwarta ba za ta iya ko taka matakin farko ba. Wannan kuskure ne na biyu da ta yi a kan matar nan, ni kuma nawa kuskuren shi ne ban hana ba.

Alhamis gari ya waye da hazo mai sanyi, rufin ya yi santsi kamar gilashi. Ƙanƙarar kanal ta fara yin ruwa-ruwa a sama, alamar ta yi laushi. Faɗin rufin bai kai taku uku ba, a gefe ɗaya gaɓa, a ɗaya gefen ruwa. Enid ta fito da tsohuwar rigar aikin Horace, ta ɗaure buroshi a baya da igiya. Ta taka ƙarfen baya, ta kama hannun rufi, ta ja jikinta sama. Sau biyu ƙafarta ta zame, a na uku ta hau.

"Mama, ya isa, na gani. Sauko."

"Ba ki ga komai ba tukuna."

Bututun yana can gaba, kusan tsawon jirgin gaba ɗaya. Ta tafi da rarrafe, tana tura gwiwa ɗaya, ta jira, ta tura ɗayar. Gethin ya bi ta a gaɓa hannuwansa a sama, ko da yake duk mun san in za ta faɗi ta ɗaya gefen babu abin da hannunsa zai yi. A tsakiyar hanya jirgin ya ɗan karkata da nauyinta, ƙanƙarar gefen ruwa ta tsage da ƙara, baƙin ruwa ya ɓullo. Lorraine ta kama hannuna har sai da ya yi shati. Ba ta ƙara magana ba, domin ta gane duk kalmar da za ta sa uwarta waiwayowa haɗari ce.

Enid ta kai. Ta rungume bututun, ta cire hularsa, ta kwance buroshin, ta tura. Ya shiga kamu ɗaya ya cije. Ta miƙe a kan gwiwoyi ta danna da dukan nauyinta, ya ƙi. Ta ja, ta sake dannawa. A karo na biyar toshiyar ta ɓalle, buroshin ya faɗa ciki har hannu, ita kuma ta tafi gaba, kafaɗarta ta daki bututun, ƙafarta ta hagu ta leƙa gefen ruwa. Ta tsaya a haka. Na ƙirga numfashinta daga tururin bakinta, ya kai goma kafin ta janyo ƙafar. Sannan ta ci gaba da sharewa, sama da ƙasa, har kunkunniya ta daina zuba. Ta mayar da hular.

"An share," in ji ta.

"An share, Anti," in ji Gethin. "Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Juyo a hankali."

Ba ta juyo ba. Ta gwada, gwiwar dama ta ƙi lanƙwasuwa, hannuwanta kuma sun sandare a jikin ƙarfen. Gethin ya ruga ya ɗauko tsani da katakon tsallakawa, ya kafa a gaɓa, ya hau ya kama ta ta ɗamara. Kafin ta yarda ya sauko da ita, sai ta zauna a rufin, fuskarta baƙi ƙirin da kunkunniya, ta dubi 'yarta.

"Na ci, ko ban ci ba?"

"Kin ci, Mama." Lorraine tana hawaye. "Na yi alkawari. Ya zauna."

Enid ta daɗe tana kallon tsawon rufin da ta rarrafo. Sannan ta juyo gare ni.

"Farfesa, shara sau nawa ta rage kafin Afrilu ya ƙare?"

"Uku."

"Baɗi kuma bakwai. Kuma yau ku uku ne a ƙasa." Ta share hanci da bayan hannu. "Shekara talatin mutumin nan yana hawa nan shi kaɗai, ina ciki ina yi masa mitar ya bar ƙofa a buɗe. Ko sau ɗaya ban riƙe masa tsani ba." Ta dafa kafaɗar Gethin. "Sauke ni, ɗan nan. In ka sauke ni ka ɗauko kayan aikinka, ka cire shi yau, kafin in huce in canza magana."

Na sha ganin mutanen da suka bar abu domin an fi ƙarfinsu. Wanda ya ci gardama, hujja tana hannunsa, sannan ya sake auna ta ya ga ba ta kai ba, ya ajiye da kansa, irinsa kaɗan ne, kuma a ganina wannan shi ne hankali. Da ta tsaya a kan nasararta babu mai ikon hana ta, kuma ina kyautata zaton da ba ta ga bazara biyu ba.

Gethin ya cire murhun a ranar, ya kafa sabuwar na'urar ranar Juma'a, Lorraine ta buga waya ta saki ɗakin. Asabar ruwa ya buɗe, ya tafi da murhun, domin Enid ta ba shi da sharaɗin ya kafa a nasa jirgin, kada ya sayar. Ciwon kan ya ɗauke cikin mako guda. Likita ya gwada ta a Fabrairu bai sami ciwon ruɗewa ba, ko da yake riƙe lambobi bai dawo mata daidai ba har ƙarshe. Ba ta taɓa son sabuwar na'urar ba. Takan ce tana gunji kamar jirgin sama, kuma zafinta ba shi da fuska.

Ta ƙara shekara biyar a ruwa, tana tuƙa jirginta da kanta duk bazara zuwa Llangollen ta dawo. A ta shida ƙugunta ya karye a kan matakalar kanti, a tudu. Lorraine ta ɗauke ta zuwa gidanta, ta ba ta ɗakin da ke kallon lambu, ta yi jinyarta wata takwas. Ta rasu cikin Oktoba tana da shekara tamanin, da hankalinta, aka binne ta a Ellesmere kusa da Horace.